Gyaran Gefen Hoto a Bayan Gilashi: Nazarin Jerin Matakan Fitar da Hoto a Kwamfuta, da Misalai daga Talata Mafara, Bakura da Maradun

Tsakure

Dabarun da ke goge haƙoran zarto daga gefen abubuwa a hoton kwamfuta suna aiki lafiya lau, har sai an gitta gilashi a gaba. Wannan maƙala ta bi diddigin dalilin haka ta hanyar nazarin matakan fitar da hoto da kuma lissafi. Ta nuna cewa matsalar tana cikin jerin matakan aikin, ba a ƙarfin na'ura ba, kuma raba gilashi da abin da ke bayansa ya fi ninka samfura sauƙin kuɗi da sauƙin aiki.

Fitilun kalmomi: gyaran gefe, gilashi, fiksel, kibiyar motsi, karyewar haske.

1.0 Gabatarwa

Hoton kwamfuta jerin ɗigogi ne da ake kira fiksel. Idan layi ya zo a karkace, sai ya fito hawa-hawa kamar haƙoran zarto, domin kowane fiksel launi ɗaya kawai yake ɗauka. Franklin Crow ne ya fayyace wannan matsala a 1977, bisa ƙa'idar ɗaukar samfuri ta Nyquist da Shannon: duk abin da ya fi tazarar samfura ƙanƙanta ba zai fito daidai ba.

Gine-ginen yankinmu cike suke da irin waɗannan ƙananan abubuwa. Ɗalibin da ke zana aji ko asibiti a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara zai sa tagar luba, ƙarafan kariya, ragar sauro, sannan kwanon rufi da wayar lantarki a waje. Mai zana madatsar ruwan Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Kogin Sakkwato, ko magudanan noman rani da suka ratsa Maradun, Talata Mafara da Bakura, zai haɗu da ruwa, wanda shi ma haske ke ratsawa. A duk waɗannan, siraran layuka ne a bayan abu mai garai-garai.

2.0 Waiwaye Kan Ayyukan Magabata

A 1984 Thomas Porter da Tom Duff suka kafa ƙa'idar ɗora launi kan launi: launin fiksel shi ne kason na gaba haɗe da abin da ya rage na baya. A shekarar ce kuma Loren Carpenter ya gabatar da ma'ajiyar da ke riƙe gutsure da yawa a fiksel ɗaya. Cass Everitt na kamfanin NVIDIA ya kawo dabarar ɓare hoto falle-falle bisa zurfi a 2001, sai Morgan McGuire da Louis Bavoil suka samar da hanya mai sauƙi a 2013, wadda ba ta buƙatar jera fallaye.

Ta ɓangaren gyaran gefe, MSAA tana ɗaukar samfura da yawa a fiksel ɗaya. FXAA ta Timothy Lottes tana duba hoton da aka gama ne ta lallaɓa gefensa. TAA, wadda ta bazu bayan bayanin Brian Karis na kamfanin Epic Games a 2014, tana tara samfura daga firam ɗin da suka wuce. A kanta aka gina DLSS 2 a 2020 da FSR 2 a 2022.

3.0 Tushen Matsalar

TAA tana dogara ne da abu biyu a kowane fiksel: zurfi ɗaya da kibiyar motsi ɗaya, wadda ke nuna inda ɗigon yake a firam ɗin baya. A bayan gilashi kuwa, fiksel ɗaya yana ɗauke da abu biyu masu motsi daban-daban.

Ma'aunin karya haske na gilashi kusan 1.5 ne. Bisa ƙa'idar Fresnel, idan an dube shi gaba da gaba, kowace fuska tana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na haske. Fuska biyu kusan kashi 8 ke nan, kashi 92 kuma na abin da ke baya ne. Idan aka ba gilashi kibiyar motsi, an ɓata kashi 92 na launin. Idan aka ba bango, wato abin da ke bayan gilashin, ƙyallin gilashin zai riƙa jan jela duk lokacin da kyamara ta motsa.

Tsawon wannan jela ana iya lissafa shi. A ce TAA tana ɗaukar kashi 10 daga sabon firam, kashi 90 daga tarihi. Bayan firam 10, kusan kashi 35 na kuskuren yana nan. Sai an kai firam 22 kafin ya sauka ƙasa da kashi 10. A firam 30 cikin daƙiƙa, kusan kashi uku cikin huɗu na daƙiƙa ke nan, kuma ido yana ganinsa sarai.

Karyewar haske ta ƙara dagula al'amarin. Hanyar da Tiago Sousa ya bayyana a 2005 tana kwafar hoton bango, ta karkatar da shi, ta manna a kan gilashi. Yawanci ana ɗaukar kwafin ne kafin gyaran gefe. Don haka wayar lantarki mai kaurin da bai kai fiksel ba tana shiga kwafin a tsittsinke, karkatarwar ta faɗaɗa ta, kibiyar motsi kuma ba ta san sabon wurinta ba. Ragar sauro ta fi muni, domin ramukanta suna karo da jerin fiksel su haifar da zane mai kaɗawa wanda babu shi a asali. A tagar luba, inda falle ya hau kan falle, hasken da ke wucewa yana sauka zuwa kusan kashi 85, kuma kuskure wajen jera fallayen yana sa wurin ƙyaftawa.

4.0 Hanyar da Aka Gabatar

Na farko, a fitar da duk abin da ba gilashi ba, a gyara gefensa da zurfinsa da kibiyarsa na gaskiya. Na biyu, a ɗauki kwafin karyewar haske daga wannan gyararren hoto, tare da duba zurfi don kada abin da ke gaban gilashi ya shiga ciki. Na uku, a zana ƙyalli da launin gilashi a falle na daban. Na huɗu, a haɗa su da ƙa'idar Porter da Duff. Ragar sauro da kunyoyin shinkafa masu nisa kuma a mayar da su hoton shafe mai matakan girma, irin wanda Lance Williams ya gabatar a 1983, maimakon zana kowane zare.

5.0 Tattaunawa

Allo mai 1920 × 1080 yana da fiksel 2,073,600. Ƙarin falle ɗaya mai bayit 8 a kowane fiksel yana cin kusan megabayit 17. MSAA mai samfuri 4 a tsari iri ɗaya tana cin kusan megabayit 66 ga launi kaɗai, kuma ba ta gyara kwafin da aka karkatar. Ga ɗalibin da laftof ɗinsa ba shi da katin hoto na daban, kuma yake aiki da batir idan an ɗauke wuta, wannan bambanci ne ke raba aikin da zai ƙare da wanda zai tsaya.

Hanyar tana da iyaka. Gefen gilashin kansa ya fita daga TAA, don haka yana buƙatar FXAA ko makamanciyarta. Ruwa mai igiya, wanda ma'auninsa 1.33 ne, yana karkatar da bango fiye da gilashin taga, kuma zai iya neman ɗigon da ke wajen allo. Inda raba fallaye ya gagara, FSR 2 tana karɓar alamar da ke gaya mata wuraren da za ta rage dogaro da tarihi, sai dai hakan yana dawo da ɗan haƙoran zarto.

6.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa kuskuren bayan gilashi yana fitowa ne daga tilasta wa abu biyu zurfi ɗaya da motsi ɗaya. Mataki na gaba shi ne gwaji a kan na'urorin da ɗalibai ke riƙe da su. Ana ba sassan kimiyyar kwamfuta shawara su gina fagen gwaji a manhajar Blender ko Godot, waɗanda kyauta ne, mai ɗauke da tagar luba, raga, waya da ruwan magudana, su auna lokacin kowane firam da girman kuskure, su wallafa fagen don wasu su maimaita awon.