Burtalin Namun Daji da Titunan da ke Ratsa Shi

Burtalin namun daji wani zirin daji ne da ke haɗa dazuzzuka biyu ko fiye, wanda dabbobi ke bi domin neman abinci, ruwa da abokan barbara. Kamar yadda shanu ke shiga uku idan gonaki suka cinye burtali, haka namun daji ke yi idan titi ya datse musu hanya: garke ya rabu gida-gida, barbara ta koma tsakanin dangi na jini, zuri'a ta yi rauni.

A Najeriya, batun ya fi fitowa fili a Jihar Kuros Riba, mazaunin wani nau'in goggon biri da bai wuce 300 ba a duniya. Ana samunsa ne kawai a tsaunukan iyakar Najeriya da Kamaru, irin su Afi, Mbe da yankin Okwangwo. Titin Ikom zuwa Obudu ya ratsa tsakanin Afi da Mbe.

A shekarar 2015 aka aza harsashin wata babbar hanya mai tsawon kimanin kilomita 260, daga gaɓar teku zuwa iyakar Jihar Binuwai. Gwamnatin jihar ta kuma karɓe filaye har kilomita 10 a kowane gefe. Bayan koke-koken al'ummar Ekuri da masu kare muhalli, an janye wannan mataki a 2017, aka kuma sauya layin hanyar domin kauce wa muhimman dazuzzuka.

Akwai dabarun rage ɓarna. A gandun Banff na Kanada, shinge da gadojin da aka lulluɓe da ƙasa da bishiyoyi, tare da mashigai ta ƙarƙashin titi, sun rage kaɗe dabbobi da fiye da kashi 80 cikin ɗari. A Kenya ma, giwaye na bi ta ƙarƙashin titin Nanyuki zuwa Meru.

Sai dai gada ba ta magance komai. A dajin kurmi, ɓarnar titi ta wuce ta mota, domin shi ke buɗe ƙofa ga masu saran katako, mafarauta da sababbin gonaki. Shi ya sa binciken tasirin aiki ga muhalli, wanda dokar 1992 ta wajabta, ya kamata ya riga zuwan katafila, lokacin da sauya layin titi bai wuce gyaran taswira ba.