Auren da ba a tare ba: ko yana ba da gado?

Sau da yawa akan ɗaura aure, a ɗaga tarewa zuwa bayan girbi ko bayan salla. Idan ajali ya riski ango ko amarya a wannan tsakani, dangi kan ce ai ba su shiga ɗaki ba, saboda haka babu gado. A fiƙihun Malikiyya, wanda mafi yawan Musulmin Nijar ke bi, ba haka hukuncin yake ba. Ɗaurin aure ne ke kawo gado, ba tarewa ba.

Aure ya tabbata idan akwai waliyyi, da sadaki, da shaidu biyu adalai, an nema kuma an bayar. Daga nan su biyun mata da miji ne. Baiko, ko sa rana, ko kai kaya, ba su kai wannan matsayi ba.

Kason da aya ta 12 ta Suratun Nisa'i ta yanka bai bambanta wadda ta tare da wadda ba ta tare ba. Matar tana samun rubu'i idan mamacin bai bar ɗa ko jika ta wajen ɗa namiji ba, sumuni idan ya bari. Kishiyoyi suna raba kason daidai wa daida. Misali, mutum ya bar miliyan 4 na sefa bayan an fitar da bashi da wasiyya, yana da ƴaƴa, da uwargida, da amaryar da ba ta tare ba. Sumuni shi ne jika 500, kowacce ta ɗauki jika 250. Idan matar ce ta rasu, mijin na da rabi, ko rubu'i in ta bar ɗa daga wani auren.

Sadakin da aka yanka kuwa, mutuwa tana cika shi. Abin da ba a biya ba bashi ne, a fitar mata da shi kafin rabo. Idan ba a yanka komai ba, Imamu Malik na ganin tana da gado amma babu sadaki, Hanafiyya kuma sun ba ta sadakin irin na tsararrakinta. Takaba ma ta hau kanta, wata huɗu da kwana goma.

Saki daban yake. Wadda aka saka kafin tarewa rabin sadaki take da shi, ba ta idda, kuma ba ta gado, sai fa in cikin ciwon ajali ya sake ta. Haka nan auren da aka ɗaura ɗayansu na kwance cikin ciwon ajali, Malikiyya na ɗaukar sa ɓatacce, ba a gado da shi, don yana shigo da sabon magaji.

Nijar ba ta da kundin dokar iyali guda. Tun dokar 1962 kan tsarin shari'a, kotuna na aiki da al'adar masu ƙara a sha'anin aure da gado, alƙali na zama tare da masana al'ada, sarakunan gargajiya kuma suna sulhu. Abin da ke tsaga gardama a can shi ne hujjar cewa an ɗaura auren: shaidu, limamin da ya ɗaura, ko takardar aure ta ma'aikatar magajin gari. Iyalin da suka yi rajistar aure da wuri, ba tare da jiran tarewa ba, sun kare haƙƙin ƴarsu.