Ma'aunin IGDS9-SF na harshen Turkanci

Ma'aunin IGDS9-SF takardar tambayoyi tara ce da ake auna jarabar wasan bidiyo na intanet da ita. Halley Pontes da Mark Griffiths ne suka tsara ta da Turanci a 2015, bisa alamomi tara da littafin DSM-5 na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ya zayyana a 2013. A 2018 likita Cüneyt Evren da abokan aikinsa suka wallafa binciken da ya tantance fassararta ta Turkanci, bayan sun gwada ta a kan ɗaliban jami'a da 'yan wasan intanet a Turkiyya.

Tambayoyin duk suna kan watanni 12 da suka shige. Ana tambayar mutum ko wasa ya mamaye masa tunani, ko ransa yana ɓaci idan aka hana shi, ko ya taɓa yi wa iyalinsa ƙarya kan yawan lokacin da yake ɓatawa a kai, ko karatu ko aiki ya lalace saboda shi. Kowace amsa tana da maki 1 zuwa 5, jimla kuwa daga 9 zuwa 45.

Fassara kawai ba ta isa a amince da ma'auni ba, don haka aka duba ko tambayoyin tara abu guda suke aunawa, kuma ko amsoshinsu suna tafiya tare. Binciken ya nuna haka ne. Amfanin ma'aunin na tacewa ne kawai: wanda makinsa ya yi yawa, likita ne zai gana da shi ya tabbatar ko cutar ce.