Yadda Kasuwar Kwal Ta Watse A Birtaniya

A ranar 30 ga watan Satumba, 2024, aka kashe injinan tashar Ratcliffe-on-Soar, wadda ita ce ta ƙarshe da ke ƙona kwal don samar da wutar lantarki a Birtaniya. Shekara 142 ke nan tun da aka kafa ta farko a birnin Landan cikin 1882. Abin lura a nan shi ne, kwal ɗin bai ƙare ba, yana nan jibge a ƙarƙashin ƙasa. Kasuwarsa ce ta watse. A wannan ɗan rubutu za mu bi diddigin yadda ta watse, da kuma waɗanda suka kwana a ciki.

Idan muka waiwayi tarihi, za mu ga da kwal Birtaniya ta yi arziki. Shi ke tura jiragen ƙasa da na ruwa, da shi ake narkar da ƙarfe, da shi kuma ake jin ɗumi a gidaje. A 1913 an haƙo tan miliyan 287, kuma a wajejen 1920 masu aikin haƙarsa sun haura miliyan ɗaya. Akwai ƙauyukan da ba su san wata sana'a ba sai shiga rami, daga kaka zuwa jika.

To, amma arhar kwal akwai bashi a bayanta, kuma da lafiyar jama'a ake biyan sa. A watan Disamba na 1952 hayaƙi ya gauraya da hazo ya lulluɓe Landan har kwana biyar, ƙidayar farko ta nuna mutum kamar 4,000 suka rasu. Wannan ya jawo dokar tsabtace iska ta 1956. Daga nan ciniki ya fara ja da baya. An gano iskar gas a Tekun Arewa a 1965, jiragen ƙasa kuma suka daina amfani da kwal a 1968.

A watan Maris na 1984 hukumar kwal ta sanar za ta rufe ramuka ashirin waɗanda ta ce ba su kawo riba, abin da zai raba mutum 20,000 da aikinsu. Ƙungiyar mahaƙa, a ƙarƙashin Arthur Scargill, ta tsunduma yajin aiki, gwamnatin Margaret Thatcher kuwa ta ƙi lanƙwasa. Bayan shekara guda suka koma bakin aiki hannu rabbana, aka ci gaba da rufe ramuka ɗaya bayan ɗaya, har aka rufe Kellingley, rami mai zurfi na ƙarshe, a watan Disamba na 2015.

Duk da haka, har zuwa 2012 kwal ke ba da kusan kashi 40 cikin 100 na lantarkin ƙasar, galibinsa ma daga waje ake sayo shi. Abin da ya ƙarasa shi lissafi ne. A 2013 gwamnati ta ƙara haraji a kan hayaƙin da tashoshi ke fitarwa, a daidai lokacin da kuɗin kafa injinan iska da faifan hasken rana ke ta faɗuwa. Da masu tashoshi suka ga ƙona kwal asara ne, sai suka riƙa rufewa. A 2024 iska kaɗai ta ba da kusan kashi 30 cikin 100 na lantarkin Birtaniya.

Ƙasa ta ci riba, iska ta yi tsabta, amma ba a raba asarar daidai ba. Ƙauyukan mahaƙa a Yokshaya da Kudancin Wels sun shafe shekaru cikin rashin aiki, domin an rufe ramuka ba a tanadi abin da zai maye gurbinsu ba. Jamus kuwa a hankali ta bi. Ta buɗe jami'a a Bochum, tsakiyar yankin kwal na Ruhr, tun 1965, ta riƙa sallamar mahaƙa da fansho, ba ta rufe ramin baƙin kwal na ƙarshe ba sai a 2018. A 2020 kuma ta ware Yuro biliyan 40 don yankunan da za su rasa sana'ar kafin 2038. Hanyar ta ci kuɗi ƙwarai, amma ba a bar mutane a rana ba.

Mu ma nan gida ba baƙon abu ba ne, domin kwal ɗin Enugu ya faɗi ne tun da jiragen ƙasarmu suka koma dizal. Yau kuma mafi yawan kuɗin da Nijeriya ke samu daga waje na man fetur ne, ga shi masu sayensa suna neman wata hanya. Masu iya magana sun ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mu marubuta, haƙƙinmu ne mu riƙa tambaya tun yanzu: ranar da kasuwar mai za ta watse, me aka tanadar wa waɗanda ke ci daga cikinta?