Daga Samanja Zuwa Daɗin Kowa: Taurarin Wasan Talabijin Bisa Ma'aunin Tarihin Kafanchan

1.0 Gabatarwa

Wasan kwaikwayon da ake nunawa a talabijin mako-mako, shekara da shekaru, ya bambanta da wanda ake farawa a gama a zama ɗaya. Taurarinsa sukan zauna da masu kallo har su zama tamkar maƙwabta, a san halin kowa da irin maganarsa. Saboda haka irin wannan wasa yakan adana hoton zamanin da aka yi shi, ko da masu shirya shi ba su nufi yin haka ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta dubi taurari da zaren labarin wasanni biyu da suka daɗe ana nunawa, wato Samanja Mazan Fama da Daɗin Kowa, ta auna su da tarihin garin Kafanchan da kudancin Jihar Kaduna. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, zaman cuɗanyar ƙabilu da wasan farko ya ɗauka a matsayin abin da kowa ya saba da shi, ya koma abin da wasa na biyu yake koyarwa da lallashi.

2.0 Kafanchan a Matsayin Garin Bariki

Jirgin ƙasa ne ya raya Kafanchan. A shekarar 1927 garin ya zama mahaɗar dogon da ya taso daga Fatakwal da wanda ya nufi Kaduna da kuma reshen da ya hau zuwa Jos. Aikin reluwe ya jawo Ibo da Yarabawa da Hausawa, suka tarar da Fantsuwam da Kaninkon da Bajju da Kagoro da sauran ƙabilun yankin. Daga baya aka mayar da fadar Sarkin Jama'a cikin garin. Waɗannan mutane ba su da wani harshe da ya haɗa su sai Hausa. Da ita ake ciniki a kasuwa, da ita ake kiran fasinja a tasha, kuma bayan fitowar Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, da ita ake wa'azi a majami'u masu yawa.

Hausar da ta bunƙasa a irin waɗannan wurare ita ce ake kira Hausar bariki ko barikanci. Daga cikin alamominta akwai rashin bambanta jinsi, inda za a ce "yarinya ya zo" maimakon "yarinya ta zo", da sassauta baƙaƙe masu ƙugiya, da yawan aron kalmomin Ingilishi. Barikin soja shi ne babbar makarantarta, domin da Hausa ake magana da ƙananan sojoji tun zamanin Turawa, kuma samarin kudancin Zariya, kamar yadda ake kiran yankin a da, sun shiga aikin soja da yawa.

3.0 Samanja Mazan Fama

Gidan talabijin na Kaduna ya fara aiki a 1962, kuma a 1977 aka haɗe gidajen talabijin na ƙasa ƙarƙashin hukumar NTA. A wannan fage ne Samanja ya yi tashe, tun daga shekarun 1970, bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya sa sojoji sun yawaita a kowane babban gari. Wanda ya fito a matsayin Samanja shi ne Usman Baba Pategi, Banufe daga gidan sarautar Pategi, wanda shi kansa ya yi aikin soja. An haife shi a 1942, ya rasu a Kaduna cikin watan Nuwamba na 2023.

Sunan tauraron ya samo asali ne daga muƙamin sajan-manja, wato babban cikin ƙananan sojoji, wanda yake tsakanin hafsoshi da kurata. Wannan matsayi shi ne ƙashin bayan zaren labarin. Samanja yakan yi tsawa ga na ƙasa da shi, ya ƙame gaban na sama, sa'an nan ya koma gida ya tarar da rigimar iyali wadda ba ta jin umurnin fareti. Kowane mako da matsalarsa: bashi, ko rashin ɗa'a, ko saɓani tsakanin soja da farar hula, a ƙarshe a warware da dariya da ɗan gargaɗi.

Abin lura shi ne harshen wasan. Samanja yakan gauraya Hausa da Ingilishin bariki a jimla guda, kuma daga nan ne mafi yawan raha take fitowa. Ga mutumin Kano ko Sakkwato wannan karyayyar Hausa ce mai ban dariya. Amma ga wanda ya tashi a Kafanchan ko Zonkwa ko Kwoi, wannan ita ce muryar kawunsa da ya dawo daga fagen daga. Wasan bai tsaya yana tambayar addinin soja ko ƙabilarsa ba, domin kaki ya riga ya haɗa su. Haka ma wasan Cock Crow at Dawn, wanda aka fara a 1980 a yankin Jos da harshen Ingilishi, ya jera sunaye irin su Bello da Bitrus a labari ɗaya, Sadiq Daba ya fito a Bitrus, Kasimu Yero ya fito a Gaga, alhali jigon wasan noma ne.

4.0 Shekarun Rabuwa

A watan Maris na 1987 rikici ya ɓarke tsakanin ɗalibai Musulmi da Kirista a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, ya bazu cikin gari, daga nan ya kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. A watannin Fabrairu da Mayu na 1992 aka yi na Zangon Kataf, wanda ya faro daga batun sauya wa kasuwa matsuguni. A watan Afrilu na 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, an sake zubar da jini a yankin, aka ƙone kasuwar Kafanchan. A tsakanin waɗannan shekaru harkar jirgin ƙasa ta durƙushe, wato sana'ar da ta tara mutane tun farko ta daina tara su. Unguwanni suka fara rabuwa bisa addini. Hausa ta ci gaba da zama harshen kowa, amma masu jin maganar juna suka rage yarda da juna.

5.0 Daɗin Kowa

Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, lokacin da rikicin Boko Haram ya yi tsanani, kuma Daɗin Kowa yana cikin wasanninta na farko. Ya sami lambar yabo ta Africa Magic a 2016. Sunan wasan sunan ƙagaggen gari ne, kuma garin shi ne babban tauraro, domin babu mutum ɗaya da labarin ya rataya a wuyansa kamar yadda ya rataya a wuyan Samanja. Akwai Malam Nata'ala da almajiransa, da Kamaye da matarsa Adama masu faman neman na tuwo, da Ɗantani mai shayi wanda teburinsa ya zama majalisar gari, da Nazir da Alawiyya a fagen soyayya. Akwai kuma Stephanie, budurwa Kirista da take zaune cikin Musulmi.

Zaren labarin ba ya ƙarewa a mako guda. Yakan ja matsala wata da watanni: shaye-shayen matasa, da auren dole, da halin almajirai, da yadda ake yaudarar samari zuwa tsattsauran ra'ayi. A nan addinin tauraro ya zama wani ɓangare na jigo. An sanya Stephanie ne domin mai kallo ya ga ana gaisawa, ana cin abinci tare, ana jajanta wa juna, ya kuma ɗauki darasi. Abin da tsohon ma'aikacin reluwe na Kafanchan ya sani a matsayin zaman yau da kullum, shi ne aka wayi gari ana tsara shi a rubuce domin a nuna wa jikokinsa cewa mai yiwuwa ne.

6.0 Kammalawa

An ga yadda wasannin biyu suka tsaya a gefe biyu na tarihi guda. Samanja ya fito daga zamanin da bariki da reluwe suke haɗa mutane, saboda haka ya sami sararin yin wasa da harshensu ba tare da fargaba ba. Daɗin Kowa ya zo bayan 1987 da 1992 da 2011, ya tarar da aikin ɗinke ɓaraka. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa, kuma duka wasannin sun yarda da haka. Inda suka bambanta shi ne nauyin saɓanin da kowanne ya tarar. Ya kamata masu nazarin wasan kwaikwayo su nemi kasa-kasan tsofaffin wasannin nan a gidajen talabijin na Kaduna da Jos tun ba su lalace ba, domin a cikinsu akwai Hausar bariki kamar yadda aka yi ta, da kuma shaidar irin zaman da garuruwa kamar Kafanchan suka taɓa yi.