Daga Zangon Fatake Zuwa But Ɗin Mota: Karen Farauta Da Ranar Jega

Hanya ce ta yi Jega. Tun wajajen 1820, lokacin da Buhari ɗan Malam Abdussalami na Gimbana ya kafa garin a bakin gulbin Zamfara, fatake suka mai da shi masauki. Masu zuwa Gwanja saro goro sukan ya da zango a nan da jakunansu, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, kafin su nufi Kwara su ƙetare zuwa Salaga.

Waɗannan mutane sun san rana, sun kuma ba ta girmanta. Madugu kan ta da ayari tun da jijjifi, jagaba na gaba, a yi ta tafiya har hantsi ya dubi ludayi. Kafin rana ta take tsaka an isa zango, an sauke wa jakuna mangala, an kai su ruwa, kowa ya nemi gindin tsamiya. Ba tausayi kaɗai ba ne. Jakin da ya faɗi a hanya, jarin mai shi ne ya faɗi.

Mafarautan ƙauyukan Jega da Aliero da Maiyama ma a kan wannan ƙa'ida suka tashi. Da an kawar da amfanin gona, hunturu ya busar da ciyawa, sai a yi gangami a shiga daji da ƙafa, da gora da barandami, karnuka na biye, wani har da laya a wuya. Kare a nan ba abin wasan yara ba ne, abokin neman abinci ne, kuma addini bai hana ba: Alƙur'ani ya halatta abin da horarriyar dabba ta kamo, hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito kuma ya ba da labarin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Karen da ke tafe da ƙafafunsa shi ne likitan kansa. In zafi ya ishe shi, zai raɓe a inuwa, ko ya tone yashi mai laima a bakin gulbi ya kwanta rub da ciki, babu mai ta da shi sai ya huce.

Sai kwalta ta zo. Titin da ya taso daga Sakkwato ya bi ta Tambuwal da gefen Aliero, ya ratsa Jega da Maiyama ya nufi Koko da Yawuri, ya mai da tafiyar kwanaki ta sa'o'i. Gonakin albasa da shinkafa kuma suka yi ta cin daji, nama ya yi nisa. Mafarauci ya koma hawa mota.

Wanda ya taɓa ganin lodin farauta ya san yadda abin yake. A a-kori-kura, mutane na zaune bisa ƙarfe, karnuka na cushe tsakanin ƙafafunsu. A ƙaramar mota kuwa, but ake tura su, a ɗaure murfin da igiya a bar 'yar kafa. Muddin motar na gudu iska na ɗan shiga. Matsalar tana farawa ne in an tsaya a tasha sallar azahar da cin abinci, ko faci ya tsai da tafiya, a bar motar a tsakar rana da niyyar yanzu za a dawo. Wannan “yanzu” ta mutanenmu, kowa ya san tsawonta.

Kare ba ya gumi kamar mutum, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Da haki yake fitar da zafi, shi ya sa ake ganin harshensa a waje. Zafin jikinsa na lafiya bai wuce digiri 38 zuwa 39 ba, in ya haura 41 ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta sun shiga haɗari. Haki kuwa amfaninsa raguwa yake yi in iskar da yake shaƙa ta yi zafi sosai. Wani bincike da masana na Jami'ar Stanford a Amurka suka buga a 2005 ya gano cewa cikin motar da aka ajiye a rana kan ƙaru da kusan digiri 22 a sa'a guda, mafi yawansa a rabin sa'ar farko, kuma sauke gilashi kaɗan bai sauya komai a zo a gani ba. To a ɗora wannan a kan Maris da Afrilu na jihar Kabi, inda zafin waje kansa kan wuce 40.

Alamun ba su ɓuya. Haki mai ƙarfi, yawu mai yauƙi, dasashi ya yi jajir, kare ya riƙa tangaɗi ko amai. A nan minti ɗaya ma tsada gare shi: a fito da shi inuwa, a kwarara masa ruwa mai sanyi a ciki da wuya da ƙafafu, a yi masa fifita, a ba shi ya sha kaɗan kaɗan in zai iya, sannan a nemi likitan dabbobi. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, zafin yake riƙewa.

Ba kare kaɗai abin ke ci ba. Akuyar da aka ɗaure a but ranar kasuwa da kajin da ke cikin akurki a saman mota duk wuta ɗaya suke sha, kuma yaron da aka bari yana barci a kujerar baya shi ma yana cikin babban haɗari.

Shugabannin mafarauta na da ikon da ake jin maganarsu, haka shugabannin direbobi a tasha. Su mai da wannan doka a duk bazara: a yi lodi da asuba ko bayan la'asar, a tafi da jarkar ruwa ta karnuka daban, duk inda mota ta tsaya kuma a fara sauke su kafin kowa ya nufi mai abinci.