Tarihin Haɗa Ƙarfe da Gilashi a Ƙwan Lantarki

Gabatarwa

Hausawa kan ce sai hali ya zo ɗaya ake abota. Haka abin yake a aikin injiniya duk inda aka haɗa abubuwa biyu masu jinsi daban. Tarihin ƙwan lantarki misali ne da ke fito da wannan batu fili.

Asalin Matsalar

A shekarar 1879 Thomas Edison a Amurka da Joseph Swan a Ingila suna ta ƙoƙarin ƙera ƙwan lantarki mai daɗewa. Dole ne a zuƙe iskar da ke cikin ƙwan, domin idan ta shiga, zaren da ke ba da haske zai ƙone nan take. Amma kuma wajibi ne waya ta ratsa gilashin don ta kai wuta ciki. A wannan mahaɗa matsalar take.

Ƙarfe da gilashi duk suna miƙewa idan sun ji zafi, su tsuke idan sun huce, sai dai ba daidai da juna ba. Sandar jan ƙarfe mai tsawon mita 1, idan zafinta ya ƙaru da digiri 100, tana ƙara kusan milimita 1.7. Gilashi kuwa wajen milimita 0.9 kawai yake ƙarawa. Saboda haka idan an narka gilashi a jikin wayar jan ƙarfe, da sun huce sai wayar ta fi tsukewa, ta janye jiki ko ta tsaga gilashin, iska ta samu ƙofa.

Matakan Warware Ta

Maƙeran farko sun dogara ne ga filatinam, wanda miƙewarsa ta yi kusan daidai da ta gilashi. Aibinsa shi ne tsada, ga shi kuma ana bukatar ƙwan lantarki miliyoyi.

A 1896 Charles Guillaume, mutumin Suwizalan da ke aiki a ofishin ma'aunai na duniya kusa da Faris, ya gano cewa baƙin ƙarfe da aka gauraya da nikel kashi 36 cikin 100 kusan ba ya miƙewa. Ya kuma nuna cewa idan aka sauya yawan nikel, miƙewar ma tana sauyawa. Ke nan ana iya haɗa ƙarfen da zai bi halin gilashi. Wannan bincike ya ba shi lambar Nobel a 1920.

A farkon shekarun 1910 aka samar da wayar Dumet a Amurka. Cikinta baƙin ƙarfe ne da nikel kusan kashi 42, bayanta kuma an lulluɓe shi da jan ƙarfe, domin tsatsar jan ƙarfe tana kama gilashi sosai. Ita ce ɗan jan wurin nan da ake gani a gindin tsohon ƙwan lantarki.

Da aka koma amfani da gilashi mai jure zafi, wanda miƙewarsa ba ta kai ta na farko ba, sai aka bukaci sabon ƙarfe. A shekarun 1930 Howard Scott na kamfanin Westinghouse ya haɗa Kovar: nikel kashi 29, kobal kashi 17, sauran baƙin ƙarfe. Har yau ana amfani da shi a kayan lantarki.

Kammalawa

Daga wannan tarihi za a fahimci cewa ƙarfin kowane ɓangare shi kaɗai ba ya tabbatar da ƙarkon mahaɗa. Sai ɓangarorin biyu sun miƙe tare, sun tsuke tare.